Jar Motarka Ta Fito Gwaji

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna? A shafa min kan yara. Ni lafiya lau, sai tsayuwar aiki, ita ma na saba.

An fara gwajin motocin tseren bana. Jiya a ɗakin hutu abokan aikina suka taru kan waya ɗaya suna gardama. Wani ya rantse jar motar da kake goyon baya ce za ta lashe gasar. Na so in ce masa tayoyinta ba sa jure zafi, amma kafin in harhaɗa maganar da yarensu, har sun tashi. Ni kaɗai na ƙarasa shayina.

Don Allah ka turo min saƙon murya, ka cika baki yadda ka saba. Wannan karon ba zan katse ka ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka