Zanan da ke Tsakiyar Gidanmu

Lahadi, 8 ga Yuli 1973
Ya Ubangiji, ka yi mini gafara da na ɗauki alƙalami, ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Ba ni da wanda zan gaya wa.

Na dawo Filinge hutu. Hadari yakan taso bayan duwatsu, ya tsaya kamar mai tunani, ya watse. Zanan nan yana nan inda na bar shi, ya raba gidanmu biyu tun zaɓen da aka yi kafin 'yancin kai, ina jaririya. Baba ya jefa wa jam'iyyar Giwa ƙuri'a. Ƙanensa, Baba Magagi, ya jefa wa ta Raƙumi. Tun sannan ko gaisuwa babu. Inna ta ce shukar Baba Magagi ta ƙone, zai kwashe iyalinsa ya tafi Najeriya. Na ce a raina, ya tafi mana.

Laraba, 11 ga Yuli
Kafin hutu, Malama Anyes ta makarantar mishan a Yamai ta ba mu aiki: kowa ta zaɓi wanda ba ta so, ta ambaci sunansa a addu'ar safe, sannan ta je ta saurare shi har ya ƙare, ba musu, kamar ana karanta Linjila. Na san Baba Magagi ne, amma na kasa faɗin sunan. Shi ne ya ce lakwal, wato makarantar boko, ta mai da ni 'yar Nasara.

Asabar, 14 ga Yuli
Na faɗi sunan. Sai na gan shi idona a rufe, yana ɗingishi cikin gona, ƙasa fara fat, gero ya yi tsayi har ya rufe shi. Ban san daga ina geron ya fito ba.

Talata, 17 ga Yuli
Na zagaya ta ƙofarsu. Yana tufkar igiya a gindin zana.
"A'a, 'yar Nasara! Mi ya kawo ki ƙasar abokan gaba?"
Na durƙusa na ce ina so in ji yadda ƙafarsa ta lalace.
Ya ce zamanin Faransa aka nemi yara biyu daga gidan nan, ɗaya lakwal, ɗaya aikin dole na hanya. "Ubanki ya samu allo, ni na samu dutse. Ranar da muka tahi, uwarmu shi ta yi ma kuka. Ni ko juyowa ba ta yi ba." Ya zagi Giwa da duk masu binta. Amsoshi suka cika mini baki. Na haɗiye su, sun fi maganin kinin ɗaci.

Alhamis, 19 ga Yuli
Ashe zana ba ya tare magana.
Baba ya kira ni da hantsi, ya sa tabarma daidai gindin zana, ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba.
"Ke Muna, kin san abin da ya sa Kaka ta yi kuka? A lokacin, wanda an ka kai hanya yana dawowa. Wanda an ka kai lakwal, cewa ake ya ɓace. Ta yi mini kukan mutuwa ina tsaye. Ta riƙe hannun ɗan da take so ya dawo, ni ta sallama ni."
Can bayan zana igiyar ta daina motsi.

Lahadi, 22 ga Yuli
Babu ruwa. Babu magana. Su Baba Magagi sun sayar da akuyarsu a kasuwa.

Jumma'a, 27 ga Yuli
Da safe suka ɗaure kaya. Baba yana alwala, bai fito ba. Sai na ji shi, bai kalli kowa ba:
"Magagi. Da wannan ƙafa za ka kai Konni, bakin iyaka?"
Baba Magagi ya ce: "Da wacce kake so in tahi, ta Giwa?"
Baba ya yi dariya, guntuwa, kamar tari. Ya kwance jakinmu ya kai ƙofarsu da hannunsa. "Aro ne. Ka dawo mini da shi."
Sun tafi. Na tsaya har suka shige cikin hasken rana.

Na yi addu'ar ruwa yau. Ina tsammanin gonarsa na fara ambata, kafin tamu. Wataƙila kuskure ne.

Ya Ubangiji, in ban dame ka ba, ka bar ni in sake rubuta maka.