Abin da Ya Biyo Motar Sixten Daga Arizona

Gwaggo Ragnhild,

Ki taimake ni don girman Allah, kuma a shafinki na jarida kada ki sa wasiƙata a bayan ta masu kukan maƙwabci ya sare musu reshen itace. Tawa ba ta jira.

Bari in fara da yabon mutanenmu, don sun cancanta. Na yi yawo, na ga ƙasashe, ban ga inda ake girmama tsufa kamar wannan yanki namu ba. Mutum zai kai mahaifiyarsa gidan tsofaffi ya riƙa leƙa ta ranar Kirsimeti, amma tsohuwar motar Amurka sai ya gina mata ɗaki, ya shimfiɗa mata darduma, ya kunna mata na'urar ɗumama ɗaki tun daga zubar ganye har narkewar ƙanƙara, shi kuwa yana falo da rigar sanyi biyu yana tsimin wuta. Da wannan halin kirki nake cin abinci, don haka ba za ki ji na kushe shi ba.

Sana'ata ke nan. Da kaka nakan tafi Arizona in bi gonaki da bayan gidaje, in sayi motocin da rana ta gasa amma tsatsa ba ta ci ba, in loda su a kwantena su hau jirgin ruwa zuwa Göteborg. Ni kuma in riga su isowa in tarbe su da labari, don mota ba ta sayuwa a nan sai da labari. Abin da ake yayi yanzu shi ne mota yadda aka tsince ta, ba wanki ba fenti, da ƙurar hamada a jikinta. Har kofi ake bayarwa a taron motoci na bazara ga wadda ta fi kowa datti na asali. Da can ina biyan a wanke mota a yi mata feshin ƙwari kafin a loda. Da na ga dattin ake so, sai na daina duka biyun, na ce wa kaina ina girmama tarihi.

Bara na kawo wata Buick ta 1958, koriya, doguwa kamar kwalekwale. Wanda ya saye ta shi ne Sixten, yayan matata Gunvor (na canja sunayen). Ya yi ritaya daga injin yanka katako, kuma akwai 'yar na'ura a ƙirjinsa da ke riƙe masa bugun zuciya. Shi ya tsaya mini lokacin da danginsu suka ce Gunvor za ta auri ɗan iska, shi ya shigar da ni ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci, kuma rabin masu saye a wurina abokansa ne. Har yau Kaboyi yake kirana.

Na gaya masa motar ta wani tsohon likitan haƙori ce, Dokta Pruitt, wanda ba ya fitar da ita sai ranar Lahadi zuwa coci, ya dawo ya rufe ta a gareji mai darduma. Gwaggo, babu wani Dokta Pruitt. A bayan wani akurkin kaji na tsince ta, ƙarƙashin ruɓaɓɓen kwano, kusa da tarin itace. Irin wannan ɗan gishirin kowa a sana'armu yana zubawa. Amma Sixten ya ɗauki abin da zafi. Ya sa aka rubuta tarihin likitan a allo. Ya matsa mini sai na samo masa hoto, na sayo na wani dattijo mai tabarau a kasuwar gwanjo na ba shi. Yanzu hoton yana rataye a garejinsa, kuma duk safiya sai ya ɗaga masa kofin kofi ya ce, "Lafiya lau take, Dokta."

A kwantena ɗaya da Buick ɗin na sako wata a-kori-kura daga bayan akurkin nan, na ajiye ta a nawa garejin, shi ma mai ɗumi. Kwanan baya na durƙusa zan duba wayar wuta a ƙarƙashin kujerarta, na haska tocila, sai na ga saƙar gizo-gizo a hargitse, mai tauri kamar zaren ɗinki. A tsakiyarta ga gizo-gizo baƙi ƙirin yana sheƙi, ya rataya ciki a sama, da jan tambari mai siffar kalangu a cikinsa. Ban san lokacin da na tsinci kaina a waje ba, ƙafa ɗaya ba takalmi, cikin ƙanƙara.

Na san shi. A can Arizona na taɓa ganin irinsa ya ciji wani ƙaton makanike, mutumin da ke ɗaga taya da hannu guda. Cizon kansa ko a jikinsa. Can anjima sai ga shi a ƙasa yana birgima, gumi na zuba, cikinsa ya yi tauri kamar katako, yana kiran uwarsa. Ya tashi daga baya, amma ma'aikaciyar asibiti ta ce masa ya gode wa Allah shi ba yaro ba ne, ba kuma tsoho mai ciwon zuciya ba. Maganar nan tata ce ke ta yi mini yawo a kunne.

Na koma da safar hannu da maganin feshi na kashe shi. Sai kuma na ga ƙunshin ƙwai, kamar ɗan curin auduga, a bayan kujera da cikin ƙofa. Wasu a fashe suke, ba kowa a ciki. Sanyin ƙasarmu da ya gama da su tuni, amma mun yi musu ɗaki mai ɗumi, kamar yadda na faɗa miki, don muna da kirki.

Yanzu ga abin da ke hana ni cin abinci. Sixten yana da jika, Majken, shekararta huɗu. Duk Asabar ana kawo ta wurinsa, ta hau kujerar baya ta ce a kai ta Amurka. Shi kuma ya ƙirƙiro musu wasa: yana ɓoye mata alewar Asabar a tsagar kujera da ƙarƙashin tabarmar ƙafa, ita kuma tana cusa ɗan hannunta tana lalube. Asabar da ta wuce ina tsaye ina kallo, hannun nan ya shige har gwiwa, tana dariya. Na ƙura wa hannun ido, baki buɗe. Sixten ya dube ni ya ce, "Kaboyi, ka ga fatalwar Dokta ne?"

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na ce zan wanke masa motar kyauta, ya ce duk yatsan da ya taɓa ƙurarsa zai saka shi a injin yanka katako. Na ce ya bar ƙofar gareji a buɗe fenti ya sha iska, ya tambaye ni ko ni nake biyan kuɗin wutarsa. Na kai masa safar hannu ta fata, ya sa ta wajen kwashe ƙanƙara, ya shiga ƙarƙashin mota da hannu tsirara. Na faki idonsa na fesa magani, ya shigo yana shinshine-shinshine, ya ce wa ya ɓata masa ƙamshin Amurka. Na gaya wa Majken akwai dodo a ƙarƙashin kujera. Yanzu nemansa take yi, har ta ajiye masa guntun burodi mai kirfa.

A gida ma ba sauƙi. Ina kakkaɓe takalmi kafin in sa, zaren riga ya taɓa wuyana in zabura, waya ta yi ƙara in ji kamar daga asibiti ne. Gunvor ta zaunar da ni ta ce in faɗa mata sunan matar da na ajiye a Arizona. Wallahi na ɗan yi tunanin in amsa, don ya fi sauƙi.

Ban ga ko ɗaya a cikin Buick ɗin ba, wannan gaskiya ne. Wataƙila babu. Amma in na buɗe baki, Sixten zai tambayi yadda aka yi ƙwarin daji suka shiga garejin likita mai darduma. Daga nan allo ya faɗi, hoto ya faɗi, ƙungiya ta ji, ni da sana'ata mu bi su. Mutumin da ya tsaya mini zai gane shekara guda yana gaisar da hoton gwanjo. In kuma na yi shiru, ga Asabar tana zuwa.

Akwai wata dabara da zan fitar da su ba tare da ya sani ba? Ke kin san mutane. Ki yi sauri.

Kaboyi Mai Kakkaɓe Takalmi

*

Kaboyi,

Na tsallake wasiƙu da yawa na sa taka a gaba, don haka kai ma ka tsallake gabatarwa. Dabarar da kake nema babu ita. Ka gwada biyar, abin da ka samu shi ne yarinya tana ciyar da dodo.

Ba zan ce tsoronka na banza ba ne. Sana'a abin tattali ce, kuma kunyar mutumin da ya rufa maka asiri tana da nauyi. Na kuma yarda mai yiwuwa motar ba kowa a cikinta, kuma yawancin waɗanda wannan gizo-gizo ya ciza suna warkewa. Amma ka lura da su wa ke shiga motar nan: yarinya ƙarama da dattijo mai na'ura a ƙirji, daidai mutum biyun da ma'aikaciyar asibitin ta ware maka. Akwai kuma abin da ba ka hango ba. A ce Sixten ya faɗi yana riƙe da ciki yana gumi, likitanmu zuciyarsa zai fara tuhuma, don ba ya tsammanin ƙwaron Arizona a tsakiyar dajinmu. A duk yankin nan mutum ɗaya ne ya san abin da za a gaya wa likitan, kuma shirunsa ya fi dafin haɗari.

Ga abin da za ka yi. Ka fara da Gunvor, yau. Matar da ta shirya jin labarin wata mace za ta iya jin labarin gizo-gizo, kuma ta fi ka sanin yadda ake shawo kan yayanta. Ku je tare. A kulle garejin, kada Majken ta ƙara shiga, kada kowa ya sa hannu inda ido bai gani ba. Ka kira masu kashe ƙwari na gaske, ka gaya musu daga inda motar ta fito, ka ce musu mai ita yana son ƙurarsa, su ne za su san yadda za su yi. Su duba garejin duka biyu, kai za ka biya. Ka buga wa layin bayani kan guba ka ji alamun cizo da abin da ake yi, ka sanar da iyayen yarinyar. Sauran motocin da ka kawo tun da ka daina feshi, su ma masu su suna da haƙƙin sani. Daga yanzu kuma kada ka ƙara loda mota ba feshi.

Batun Dokta Pruitt, kai ka ɗaure shi da gizo-gizo, amma ba a haɗe suke ba. Gizo-gizo ba ya tambayar sana'ar mai gareji kafin ya shiga. Za ka iya faɗin na farko ka bar na biyu, kuma na san ɗan kasuwa irinka ya gane haka kafin ya ƙarasa karanta layin nan. Shawarata ita ce kada ka yi. In an gama da ƙwarin, ka zauna da shi ka sauke masa hoton da kanka. Zai yi fushi, zai yi maka dariya a gaban ƙungiya har ka tsufa, wataƙila wasu masu saye su gudu. Amma mutumin da ke son mota yadda aka tsince ta, ina jin bayan akurkin kaji zai fi burge shi a kan darduma. Kuma wanda ya zo da kansa ya ce ga abin da ke barazana ga jikarka, ana iya yafe masa likitan ƙarya.

Allah ya tsare yarinyar nan da kakanta, ya ba ka ƙarfin gwiwa, ya dawo maka da cin abinci.

Abu na ƙarshe. Ka canja sunaye, ka kyauta, amma ka bar koriyar Buick, ka bar hoton dattijo mai tabarau, kuma jaridar nan tana shiga kowane gida a yankinmu ranar Alhamis da safe. To wa kake so Sixten ya fara ji daga wurinsa: kai, ko ni, ko gizo-gizon?

Gwaggo Ragnhild