Jimlar Nana Maryam

Tsanyawa, Laraba

Baffa Hashimu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ya ƙarfin jiki? Tunda kunnen ba ya barin ka ji waya, na rubuto, Naziru direba zai miƙo maka.

Ajin matan da nake koyarwa bayan la'asar yana tafiya. Wata sabuwar ɗaliba ce ta ɗaure mini kai, Nana Maryam. Can baya take zama, ba ta magana sai kowa ya watse. Ta ce a Fatakwal aka raini ɗanta tun yana goye, ba ya jin Hausa, ga shi zai zo da kakar nan, tana so ta gaya masa magana guda da bakinta. Ta tambaye ni yadda ake cewa "na faɗa". Na ce I fell. Ta girgiza kai, ta ce, "A'a Malama, an tura ni." Na ce I am pushed, sai kuma na yi shakka. Kai da ka tsufa a koyar da Turanci, wanne ne daidai?

A gaida Inna.
'Yarka, Safiyatu

Rijiyar Zaki, Asabar

Safiyatu,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Kin ba ni kunya, ni na koya miki wannan. I was pushed za ta ce, domin abin ya riga ya wuce. In ana son faɗar wanda ya yi turin, sai a ƙara by, sunansa ya biyo. Ki maimaita mata har ya zauna.

Matar waye ce? Na koyar a makarantar Tsanyawa kafin a haife ki, babu gidan da ban sani ba.

Allah ya yi miki albarka.
Baffanki

Tsanyawa, Talata

Baffa,

Barka da war haka. Na koya mata, ta yi ta nanatawa har bakinta ya faɗa. Sai ta ce, "Sunan fa, a ina ake sa shi?" Na nuna mata. Ta dube ni ta ce, "I was pushed by Ɗanliti." Ba fushi a muryarta, kamar mai karanta allo. Ta ce ƙanin mijinta ne, mijin sunansa Haruna.

Baffa, akwai abin da na ɓoye maka. Damina ta ɗauke, an fara girbin gero, amma kullum gefen mayafinta yana ɗiga, inda ta zauna sai ya yi warin laka. Jiya na ce wa wata ɗaliba, Zakiyya, ta matsa wa Nana Maryam da ke kusa da ita. Zakiyya ta waiga, ta ce, "Malama, ai ni ce ta ƙarshe a bencin nan."

Ka ba ni amsa da wuri, don Allah.
Safiyatu

Rijiyar Zaki, Laraba

'Yata,

Salamu alaiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na san Nana Maryam. Da Haruna ya rasu, ƙaninsa ya nemi ta sakar masa lambun da ke bayan makaranta, ta ce na marayanta ne. Ba a jima ba aka tsamo ta a rijiyar lambun, aka ce santsi ne. Ina cikin sahun da ya sallaci gawarta. Yaron, Zubair, goggonsa ce ta tafi da shi kudu. Har yau Ɗanliti ke noma wurin.

Ki rufe ajin, ki riƙe azkar, ki taho Kano. Amma kafin ki taso, ki sami Mai Gari. In Zubair ya iso, kada a bari ya sauka a gidan baffan nasa, kada kuma su zaga lambun su biyu.

Allah ya tsare ki.
Baffanki

Tsanyawa, Litinin

Baffa,

Ina gaisuwa. Zubair ya iso, yana gidan Mai Gari lafiya. Ni ban samu tahowa ba tukuna. Nana Maryam kuwa ban sake ganinta ba.

Ɗazu da hantsi Ɗanliti ya yi sallama a ƙofarmu. Ya rame, idanunsa jawur. Ka san bai taɓa shiga aji ba. Ya tsuguna ya ce, "Malama, duk sanda na zura guga a rijiyar lambun sai in ji wata magana daga ƙasa, da Turanci. Sunana kawai nake ganewa." Jimlar da na koya wa Nana Maryam ce, ya faɗe ta tiryan-tiryan, ko harafi bai kuskure ba. Ya ce in taimaka in fassara masa.

Na ce ya dawo gobe. Bai tafi ba, Baffa. Yana nan zaune a gindin darbejiya, yana kallon ƙofa.

'Yarka, Safiyatu