Lagwanin Barkonon Nahuce

Mas'udu maigidana,

Na tafi Tsafe wurin ƙanwata kafin ka dawo, don ba ni iya haɗa ido da kai.

Barkononka na bakin taga ya mutu. Ka tuna lagwanin da ka zura daga gindin kowace tukunya zuwa bokitin ruwa, ka ce shi zai riƙa shayar da su, kar in taɓa? To, ran Talata Uwani maƙwabciyarmu ta shigo neman lagwanin risho, bakinta cike da labarin wanda ya saki matarsa a layinmu. Ta rantse ba ta faɗi sai na ba ta. Na zare duka huɗun. Na ce zan riƙa zubawa da hannu, sai bikin gidan Sama'ila ya riƙe ni kwana uku.

Na san shi ne irin ƙarshe daga gonar marigayi babanka a Nahuce, kuma babu mai komawa can yanzu.

Kar ka wahalar da kanka da ban ruwa. Na gwada, har addu'a na tofa. Ka yafe mini.

Labarin ma ashe ƙarya ne, matar tana ɗakinta.

Kakarka Hanatu