Intanet ya shiga ɗakin Inna

Assalamu alaikum Yaya Isufu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya Rakiya da jego? Ya jaririn, ya zaman Kwatano? Mu nan Gaya sai godiya.

Tun da aka rufe gadar kan iyaka bayan hawan soja, Inna ba ta da zance sai na jikanta da ba ta gani ba. Har abinci ta rage. A ɗakinta wayata ba ta kama rezo, ga ciwon ƙafa ya hana ta fita.

Na je ofishin waya don a tada tsohon layin Baba, na ɗauka sai da shi ake sa intanet a gida. Ma'aikaciyar ta ce, "Ai wannan layin ya mutu tuntuni." Sai ta ɗauko ɗan akwati fari, ta sa masa pus, wato katin sim, ta ce kuran kawai yake so, a jona shi a wuta.

Da farko ya ƙi, sai da muka ɗora shi kan taga. Muka gwada kiran ƙanwarmu Hadiza a Doso ta bidiyo. Da Inna ta ga fuskarta, ta shafa gilashin ta ce, "Ke, kin rame!" Ranar ta cinye tuwonta tas.

Lambarka ba ta shiga, shi ya sa na aiko wannan ta hannun mai kwalekwale. Ka kira mu ran Juma'a, da yaron a hannunka. Inna har ta fito da zanen da za ta ɗaura.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Rakiya.

Ƙanwarka,
Zinatu