Ɓarawon Lambar Motarka Ya Narke

Baba,

Na tafi aiki kana ta minshari, shi ya sa ban tashe ka ba. Albishirinka, an ga lambar motarka! Maƙwabcinmu Arvid ne ya kawo ta da sassafe, duk ta lanƙwashe. Tulin ƙanƙarar nan na bakin gareji ne ya narke, sai ga ta kwance cikin taɓo. Yana dariya ya ce, "Gaya wa tsohon nan ɓarawonsa ya zama ruwa." Ashe ranar da ka yi baya da mota ka daki tulin, ka ce ba abin da ya faru, ranar ta ɓalle ta nutse. Mu kuwa duk sanyin nan muna ta hararar 'ya'yan mutane.

To, don Allah kar ka mayar da ita jikin mota. Na san halinka, yanzu za ka ɗauko guduma ka miƙe ta. Ka tuna kai da bakinka ka gaya wa 'yan sanda an sace ta. A wurinsu har yanzu lambar sata ce, duk wanda suka gani da ita sai sun tare shi a titi, ko da mai ita ne. Ka haƙura da takardar wucin gadi da ke manne a gilashin motar har sabuwar lambar ta iso.

Akwai kofi a kan murhu. Sukudirebobinka kuwa, don kar ka ɗaura lambar, suna cikin jakata, har da ƙaramin da kake ɓoyewa a aljihun kwat.

'Yarka,
Solveig