Goyon Gimbiya

Yaya,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ya gida, ya maigidan? Mu dai muna nan.

Yaya, na kayar da Gimbiya. Ranar Talata ina fito da ita daga wanka, sai bayana ya riƙe, ƙafafuna suka mutu, muka zube tare. Goshinta ya bugi bakin ƙofa, sai da aka yi mata ɗinki. Kin san ba ta iya tare faɗuwa da hannu. Tana kwance cikin ruwan sabulu tana kallona, ni kuma na kasa ko jan jiki, har sai da maƙwabciya ta ji kukan ƙannenta ta shigo.

Likita ya ce ƙashin bayana ya taɓu, in na ci gaba da ɗaukar ta, ni ma wata rana sai an ɗauke ni. Shekararta goma sha uku, ta kusa kamo ni tsawo. Babanta ya sa mata Gimbiya ne don ba ta taka ƙasa, amma yanzu sunan ya daina ba ni dariya. Shi kuma kullum yana hanya da babbar mota, sai ya yi makonni ba mu gan shi ba. Keken ɗinkina ya yi ƙura, masu kaya sun gaji sun kwashe abinsu.

Akwai wani gida da sistocin coci ke kula da yara irinta, tafiyar rabin yini daga nan. Sun ce akwai gado. Babanta ya ce duk abin da na yanke. Ki faɗa mini gaskiya, zunubi ne?

Ƙanwarki

*

Ƙaunatacciyar ƙanwata,

Alheri da salama su tabbata gare ki da iyalinki. Na samu wasiƙarki, na kuma sa ki cikin addu'a a taron zumuntar mata.

Tun da gaskiya kika nema, ga ta. Uwa ba ta gajiya da goyo. Allah bai yi kuskuren gida ba da ya ba ki yarinyar nan. Kowa da gicciyensa, naki ke nan, kuma ba a ajiye gicciye a ƙofar wani. Me za ki ce wa ƙannenta? Cewa duk wanda ya yi nauyi a gidan nan fitar da shi ake yi?

Kin fi kowa sanin shekarun da na yi ina durƙuso ina roƙon haihuwa. Ko irin Gimbiya aka ba ni, da na karɓa hannu bibbiyu. Ki ƙara haƙuri, ki ƙara azumi. Na aiko miki da man shafawa.

Yayarki cikin Ubangiji

*

Yaya,

Na gaishe ki. Man ya iso, na gode.

Azumi kika ce. Yaya, ni da nake mantawa ban ci abinci ba sai na ga jiri, wane azumi ya rage mini?

Ranar Lahadi na lallaɓa coci, maƙwabciya ta zauna da Gimbiya. Ana waƙar yabo, kowa ya ɗaga hannu, ni kuwa abin da na ji bakina yana faɗa shi ne, Ubangiji, ka ɗauki ɗaya a cikinmu, ko ni ko ita, ka zaɓa. A gidan Allah na faɗi haka, a kan 'yar da na haifa. Da na dawo ta ji motsina ta fara wannan dariyar tata, na kasa haɗa ido da ita.

Yanzu a tabarma nake jan ta zuwa bayan gida, kamar buhu. Gwiwar hannunta duk ta saɓule. Ƙanwarta ta daina zuwa makaranta don ta kama mini ƙafafu.

Kin ce da kin karɓa hannu bibbiyu. To ki zo da hannuwan. Ban faɗa don in ɓata miki rai ba, ba ni da ƙarfin faɗa. Ki zo ki yi mako ɗaya, in kin tafi ki sake rubuto mini amsa, duk abin da kika ce zan bi.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Na iso gida lafiya. Ina gaishe ki, ina gaida yara.

Kin ga ban yi magana sosai ba da zan taho. Kunya ce. Ranar da na ce ki kwanta ni zan yi wa Gimbiya wanka, ban faɗa miki ba, a ƙasa na zauna da ita a cinyata ina kuka, don na kasa miƙewa. Ita ce ma ta riƙa goga kanta a kafaɗata. Aikin da kika yi shekara da shekaru, ni ban kai ƙarshen mako ba na fara ƙirga kwanaki.

Na yi miki wa'azi daga kan kujera. Ki yafe mini. Ashe ba ke nake yi wa faɗa ba, raɗaɗin rashina ne yake magana.

A hanyar dawowa na sauka na je gidan sistocin. Ba aljanna ba ce. Yaran sun fi hannu yawa, ɗakunan akwai warin magani. Amma mutum biyu ke ɗaga kowane yaro, akwai kujeru masu taya, kuma na ji suna kiran kowa da sunansa. Babbarsu ta ce uwa tana iya zuwa duk lokacin da ta ga dama, har ta kwana.

Kin tambaye ni ko zunubi ne. Ban sani ba, kuma ba zan ƙara yin kamar na sani ba. Na dai tuna Ubangijinmu ma, da ƙarfinsa ya ƙare a hanya, wani ne ya taya shi ɗaukar gicciyen. In kin yanke, ki sa rana. Ni zan riƙe ta a mota. Masu surutu a coci kuma ki bar ni da su.

Yayarki

*

Yaya,

Na gaishe ki. Na gode da rakiya.

Jiya na koma gidan sistocin na ga Gimbiya. Ta juyar da kai, ta ƙi kallona, sai da zan tafi ta cafke bakin zanina da haƙora. Sista ce ta ɓamɓare ta. Na yi tafiya har tasha ban san ina tafiya ba.

Ƙanwarta ta koma makaranta. Babansu ya dawo, ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin Gimbiya.

Abu ɗaya zan faɗa miki, kada ki faɗa wa kowa. Ranar da muka kai ta, na yi barci har rana ta fito, kuma barcin ya yi mini daɗi. Har yanzu na rasa ko godiya zan yi wa Allah a kansa, ko gafara zan roƙa.

Ki yi mini addu'a, duk wadda ta zo bakinki.

Ƙanwarki